Iya Tasalla da Dodanninta Marasa Iƙama

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Iya Tasalla ranar Alhamis bayan la'asar ya san ba a fara kallo sai ta gaisa da dodanni. Za ta gyara zama a kan tabarma, ta tura kaset cikin bidiyo da babban yatsa, ta ce, "Salamu alaikum, mutanen ciki. Ga mu mun zo." Daga nan sai ta murɗa ƙarar talabijin har ƙarshe. Yara goma sha wani abu a gabanta suna ihu, ni kuma ina durƙushe a bakin ƙofa ina cusa tawul a ƙarƙashinta don kada ƙarar ta fita.

Kun ce in rubuta wani abu a kanta, tunda ni na fi zama da ita. Na yi ta ja da baya, don ina tsoron in ƙara ko in rage. To, abin da na gani shi zan faɗa, inda na manta kuma zan ce na manta.

Saboda ƙananan da ba su san asalin maganar ba: Iya ƙanwar kakarmu ce. Daga Katsina ta zo aikin hajji tun ba a haife ni ba, ta sauka a gidanmu na unguwar Rusaifa a nan Makka, jirgi ya koma babu ita. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma ba ta taɓa samu ba. Mu a nan aka haife mu, takardunmu lafiya lau. Ita kuwa kamu ɗaya ya isa: a sa ta a jirgi, kuma babu dawowa. Alhali abu ɗaya tak take nema a duniya, ta mutu a Makka a binne ta a Makka.

"Ni mutuwa na zo yi garin nan, Duktura," haka take ce min. "Ita ce ta yi nawa."

Ni ba likita ba ce, kun sani. Aikin ɗakin karatu na karanta a jami'a. Amma tun ranar da na shigo da takardar kammalawa ta laƙaba min Duktura, kuma tun ranar gida ya ɗora min kula da ita, wai ni ce nake karanta dokoki har in gane. Matsalar ke nan. Na gane su sosai.

Kaset-kaset ɗin nan daga wani gidan Larabawa da ta yi wa aiki ta samo su. Yaransu sun girma, suka fitar da kwali guda da bidiyon gaba ɗaya za a zubar, ta ɗora a ka ta kawo. Finafinan dodanni ne irin na yara, waɗanda ake ɗan tsorata ka a ba ka dariya mai yawa. Ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, kuma ba ta yarda a fassara mata. Ita ke ba da labarin, ita ke raɗa suna. Mai shan jinin nan mai baƙar alkyabba shi ne Alhaji Haƙora. Ƙaton nan mai ɗinki a goshi shi ne Ɗinkakke. Wanda gashi ke fito masa in wata ya cika, Mai Hayar Kare. Wanda aka nannaɗe da farin ƙyalle kuwa, Marigayi kawai take ce masa.

Kuma ba ta jin tsoronsu ko kaɗan. Tausayinsu take ji.

"Kai, bawan Allah! Kun ga Alhaji Haƙora ba ya fita da rana? Ba shi da iƙama ne."

"Iya, rana ce take ƙona shi."

"Ni ma haka nake cewa in an tambaye ni. Kin ga ya tsaya gaban madubi bai fito ba? To haka nake a na'urarsu. A duba daga sama har ƙasa, babu Tasalla."

Yara su fashe da dariya, ni kuwa in leƙa taga in ga ko wani yana wucewa.

Da yake ni ce mai kula, na kafa doka. In aka ƙwanƙwasa ƙofa: Iya ta shige bayi ta ja labule, yara kowa ya ɗauki littafi ya sunkuyar da kai kada ya motsa, ni kaɗai ke zuwa ƙofa. Har gwaji muke yi. Ina jin babu dokar da na taɓa alfahari da ita kamar wannan, kuma babu wadda ta ci mutuncina kamar ita.

Kun san sana'ar Iya ta ainihi wankan gawa ce. Tun lokacin da ake yi a gida, in mace ta rasu a cikin mutanenmu, ita ake kira ta wanke ta yi mata sutura. Shi ya sa duk dodannin nan take yi musu uzuri ban da mutanen da suka nannaɗe Marigayi. Ranar nan da ya taso daga akwatinsa ƙyallaye na reto, sai ta tafa hannu.

"Innalillahi! Wa ya yi wa bawan Allah nan sutura? Dubi aiki! An yayyaga yadi kamar za a ɗaure targaɗe. Ba dole ya tashi ba? Ni fa na fi shekara talatin ina wannan aiki, ko mutum ɗaya bai taɓa tashi ba!"

Yara suka ce to yaya ake yi? Ai kuwa sai ta miƙe ta ciro fararen zannuwan gado, irin waɗanda masaukan alhazai ke fitarwa in sun tsufa. Ta dube ni.

"Duktura, kwanta."

"Iya, ban tabbata hakan ya halatta ba. Ina ganin gara mu tambaya tukuna."

"Zanen gado ne. A kansa kike kwana kullum, yau a cikinsa za ki kwanta. Yalla!"

Na kwanta. Wallahi hannunta ya iya. Kafin in gama tunanin hukuncin, ta naɗe ni, ta ɗaure a ƙafa, ta ɗaure a tsakiya, ta tattara saman ta ƙulle, fuska kawai ta bar min. Ko yatsa ban iya motsawa. Tana cewa, "To, ku ce ta tashi mu gani," yara na ihu suna tsalle, sai muka ji an buga ƙofa. Ba ƙwanƙwasawa ba, bugu.

Dokata ta yi aiki tsaf. Iya ta shige bayi. Yara kowa ya ɗauki littafi, har da masu riƙe shi a juye. Ina ta raɗa, "Ku kwance ni! Ku kwance ni!" Babu wanda ya ɗago. Ai ni na ce kada a motsa.

Aka sake bugawa, da muryar mace cikin Larabci: "Ku buɗe, ko in kira askar yanzun nan!"

Ummu Faisal ce, sabuwar maƙwabciyarmu da ta tare a gidan da ke manne da namu. Ihun da take ji duk Alhamis, ta ɗauka ana dukan yara ne. In askar, wato 'yan sanda, suka shigo, ba yara za su tambaya ba, takardun manyan gida za su fara tambaya. Na mirgina har jikin bango, na dafa da kafaɗa na miƙe, na fara tsalle da haɗaɗɗun ƙafafu zuwa ƙofa. Ban ma yi tunanin ba ni da hannun buɗewa ba. Ashe kuma ba a kulle take ba. Matar ta turo, ta gan ni tsaye fari fat da ƙulli a ka, ina tsallo wajenta ina cewa, "Sannu da zuwa."

Ba ta yi ihu ba. Ta dai zame ta zauna a ƙasa, idonta ya juye, wayarta na hannunta, lambar askar tana kan fuskar wayar, dannawa kawai ya rage.

Sai na ji an ja labulen bayi. Na ce, "Iya, koma!" Ina! Ta fito da ruwa a kofi, ta durƙusa, ta ɗora kan matar a cinyarta tana shafa mata fuska tana karanto mata addu'a. Da Ummu Faisal ta farfaɗo, ta dubi tsohuwar da ba ta taɓa gani ba, ta ce, "Wace ce wannan?"

Na yi shekaru ina ajiye da amsar wannan tambaya: baƙuwa ce, umara ta zo. Amma Iya ce ta amsa, da Larabcinta na kasuwa.

"Ni Tasalla. Shekara talatin a nan. Takarda babu. Sha ruwa."

Ina kallon babban yatsan matar a kan wayar. Ban san tsawon lokacin ba, ina jin bai wuce minti ɗaya ba, amma ba zan rantse ba. Sai idonta ya sauka a kan talabijin, inda Ɗinkakke ke ƙoƙarin zama a kujerar yara tana karyewa. Ta ce, "La! Wannan ai mun gan shi da yayyena tun ina ƙarama. Har yanzu akwai shi?" Ta jefa wayar a jaka. "Mayar da shi baya, ya hajja, daga inda ya shigo."

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Daga makon nan jikokinta uku suka shiga sahu. Ni kuwa sai da fim ya ƙare aka tuna ba a kwance ni ba.

Na ɗauka abin ya zama darasi. Bayan wata biyu ko uku, ana gab da hajji, lokacin da ake tsananta binciken takardu a kan hanyoyi, bidiyon ya haɗiye kaset ya ƙi fitarwa. Mai gyaran irinsa saura mutum ɗaya da muka sani, wani tsoho a unguwar Jarwal. Na ce zan kai ni kaɗai.

"Ke? Ke da in ya cire masa hanji ya sa tsoho za ki ce masa ya yi haƙuri? Da ni za a je. Alhaji Haƙora na ciki, ba zan bar shi a hannun baƙo ba."

"Iya, duk ana samun finafinan nan a waya yanzu. Bari in nemo miki."

"Dodo a waya? Dodon da zan sa a aljihu in je bayi da shi? Wane kwarjini ya rage masa?"

Na roƙa, na kawo hujja, na ce mu bari a sauko daga Arfa tukuna. Ta ce yara ba za su yi Alhamis uku babu dodo ba. Ta ɗauko farin zane ta naɗe bidiyon don kada ya bugu a hanya. Abin da ban lura da shi ba, don hankalina na kan hanya, shi ne hannun Iya naɗi iri ɗaya kawai ya sani. Ɗauri a nan, ɗauri a tsakiya, ɗauri a can.

Muna shiga tasi direban ya dube mu ta madubi, ya kashe rediyo, ya fara tasbihi ƙasa-ƙasa. Na ce a raina mutumin kirki ne. Ba mu yi nisa ba sai ga abin da nake tsoro: shinge, layin motoci, wani matashin askari yana karɓar katin kowa yana dubawa. Na ƙirga motocin da ke gabanmu. Biyar. Huɗu. Uku.

"Daina kaɗa ƙafa, Duktura, kina girgiza min shi."

"Iya, me za mu ce?"

"Ke dai kada ki ce komai. In kika buɗe baki sai kin ba shi har sunan kakanmu."

Biyu. Ban san hawaye na zubo min ba sai da na ji su a haɓa. Ɗaya. Sai na ji wani abu ya taɓa min ƙafa. Na duba, wayar wutar bidiyon ce ta zamo daga ƙasan zanen tana lilo. Na ja gefen abayata na rufe ta, na danne da gwiwa.

Askarin ya sunkuyo, hannunsa a miƙe don karɓar kati. Ya ga tsohuwa cikin baƙaƙen kaya, ɗan ƙaramin abu a cinyarta naɗe cikin fari da ɗauri uku, ga budurwa a gefe tana kuka. Sai ya janye hannun, ya ɗora a ƙirji, ya yi mana ta'aziyya.

"Allah ya girmama ladanku, ya hajja."

Iya ta ce, "Amin."

Ya ɗaga wa na gaba hannu a buɗe mana gefe, muka wuce.

Sai da muka yi nisa na ce, "Iya, mun yaudari mutum."

"Na ce masa wani abu? Ya roƙa mana lada, na ce amin. Ke ba kya son lada?"

Har yau ban gama warware wannan a raina ba. Direban dai ban iya barinsa cikin duhu ba, don shi ma har ya fara share ido. Da muka tsaya a ƙofar shagon mai gyara na gaya masa gaskiya. Ya dubi shagon, ya dubi wayar da ke lilo, ya ja la haula mai tsawo, sannan ya kifa kai a kan sitiyari yana dariya har motar na girgiza.

Akwai lokacin da aka ba marasa takarda dama su fita da kansu ba tare da hukunci ba. Na buga takardun, na ja layi a ƙarƙashin muhimman wurare, na kai mata. Ina ganin haƙƙi ne a kaina in nuna mata, ko ba haka ba? Ta juya su gaba da baya, ta nuna min talabijin da haɓa.

"Dubi yaran can na ciki. Da suka tsinci Ɗinkakke, kin ga sun kawo masa takarda ya sa hannu? A ɗaki suka ɓoye shi, suna sato masa biskit. Su ba su je jami'a ba."

Ta shimfiɗa takardun a ƙarƙashin farantin gyaɗa. Ban sake tayar da maganar ba.

Sai ciwon ƙirjin nan na bara. Kwana uku tana tari tana ƙin asibiti, don ta san a can za a tambayi suna da lamba.

"In kika kai ni, su warkar da ni, su sa ni a jirgi. Asara biyu ke nan."

Rana ta huɗu da hantsi numfashi ya fara gagararta, leɓenta ya canja launi. Na tsaya a tsakar ɗaki, wallahi ban san iya lokacin da na ɗauka ba. In na bar ta, na bar mutum ya mutu a gabana. In na kai ta, wataƙila na rushe abin da ta yi shekara talatin da wani abu tana tsarewa. Na kira mota. A hanya ta buɗe ido ta ce, "Kin ci amanata, Duktura." Ba da wasa ta faɗa ba. Wannan ce kaɗai maganar da ta taɓa yi min babu wasa a ciki.

A wurin karɓar marasa lafiya matar ta ce, "Lambar iƙama?" Na ce, "Ba ta da ita." Ta ɗago ta dube ni, ta dubi Iya a kan keken, ta rubuta wani abu da ban gani ba, ta ce a shiga da ita.

Kwana biyar na yi a gefen gadon nan, kuma zan faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba: ban san addu'ar da zan yi ba. In ce Allah ya ba ta lafiya, ina ganin jirgi. In ce wani abu daban, bakina ba zai iya ba. Duk wanda ya wuce da kakin aiki sai in miƙe tsaye. A rana ta huɗu ta farka sarai, ta gan ni a gefenta.

"Me likitan ya ce?"

"Ya ce kina samun sauƙi, Iya."

"Innalillahi. Je ki ce masa ya bi a hankali."

Na yi dariya ina kuka. Ta kamo hannuna ta riƙe, ta ce, "Matsoraciya. Da ni ce ma da na kawo ki." Ina ɗauka yafiya ce. Ina fata yafiya ce. Sauƙin nan na yini ɗaya ne, washegari bayan azahar ta cika.

Saura binnewa, kuma gawa ma sai da takarda. Kwana biyu ina yawo daga wannan ofis zuwa wancan, ko'ina a tambaye ni lamba, ko'ina in ce babu, in tsaya ina jiran abin da zai biyo baya. A tagar ƙarshe mutumin ya daɗe yana duba na'ura, ya tashi ya shiga ciki, ya bar ni tsaye ina karanta duk abin da na haddace. Da ya dawo sai ya buga hatimi ya turo min. Na karanta sau uku kafin in yarda. Ga sunanta cikakke, da na mahaifinta. A ƙasa an rubuta wurin binnewa: Makka. Ita ce takarda ta farko da aka taɓa ba ta a ƙasar nan, kuma izinin zama ce da babu mai sake tambayarta.

An yi mata salla a Harami bayan la'asar, cikin sahun da ba a ganin ƙarshensa.

Allah ka jiƙan Iya Tasalla. Ka karɓe ta a garin da ta ƙi bari, ka yalwata mata makwanci, ka sa ta tashi cikin mutanensa. In akwai laifi a zaman da ta yi, ka yafe mata, ka yafe mana mu da muka rufe ƙofa a kanta. Ni kuma, ya Allah, ka sa da gaske ta yafe min. Amin.